Gidan Tarihi Ba Na 'Yan Makaranta Kaɗai Ba Ne

Kwanakin baya na raka wani baffana, tsohon marini, zuwa wani gidan adana kayan tarihi a ɗaya daga cikin biranenmu. Muna isa, ma'aikacin da ke bakin ƙofa ya gaishe shi cikin ladabi, sannan ya ce, "Baba, jikoki kuka kawo ne?" Da muka ce mu kaɗai ne, sai mamaki ya bayyana a fuskarsa.

A ciki baffa ya tsaya gaban wani akwatin gilashi da aka jera turkuɗi da curin baba da tsohuwar muciya. A ƙasa an liƙa 'yar takarda mai layi biyu da Turanci. Shi ajami yake karantawa, don haka na fassara masa: tufafin gargajiya ne da ake rinawa da shuɗi. Ya dube ni ya ce, "Iyakar abin da suka ce ke nan?" Daga nan ya fara yi mini bayanin yadda ake ƙona katsi, da yadda ake haɗa karofi, da yadda mai bugu ke shigar da shuni cikin zane har ya riƙa ƙyalli. Kafin ya gama, mutanen da ke zagayawa sun bar akwatunan sun kewaye shi.

Tambayar ma'aikacin nan ce ta tsaya mini a rai. Ba laifinsa ba ne, abin da ya saba gani ya faɗa. Gidajen tarihinmu sun zama wurin da ake kai yara cikin kayan makaranta sau ɗaya a shekara, sai kuma baƙi daga ƙasashen waje. Magidanci da uwargida, ɗan kasuwa da mai sana'a, ba su ga abin da zai kai su ba.

Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da gidajen tarihinmu za su ɗauki kwaikwayon rayuwar da ta wuce a matsayin hanyar karantar da manya. A sa mutane su shiga tufafin zamanin, su riƙe kayan aikinsa, su yi magana da Hausa da bakin mutanensa, mai kallo ya tambaye su, su ba shi amsa. Kuma a fi ba da ƙarfi ga rayuwar talakawa, cinikinsu da shari'arsu da harajinsu, a rage dogaro da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe.

Ba sabon abu ba ne a duniya

A 1891 wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Artur Hazelius ya buɗe Skansen a birnin Stockholm. Ya ga masana'antu na cinye rayuwar karkara, sai ya riƙa sayen tsofaffin gidajen manoma yana kwance su yana sake kafa su a wuri guda, ya zuba mutane a ciki suna saƙa suna gasa burodi kamar yadda kakanninsu ke yi. A Amurka akwai Williamsburg, tsohon babban birnin Virginia daga 1699 zuwa 1780, wanda aka fara maido da shi kamanninsa na da a 1926 da kuɗin John D. Rockefeller ƙarami. Can za ka tarar da maƙeri a maƙera, da mai ɗab'i, da zaman kotu, duk a yanayin ƙarni na 18.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yau yake ɗauke da sunan Boubou Hama, tun farko bai tsaya ga akwatunan gilashi ba. An gina samfurin gidajen al'ummomin Nijar, kuma akwai dukawa da maƙeran farfaru da masaƙa da ke aikinsu a cikin harabar, kana tsaye kana kallo. A Jos ma akwai filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Wato fagen yana nan. Abin da nake nema a ƙara shi ne mutanen da za su rayu a cikinsa su yi magana.

Waɗanda aka bari a waje

Mu dubi wanda muke magana a kansa. Mutum ne da ya sauke Alƙur'ani ko ya yi nisa a allo, ya san lissafin kasuwa fiye da mai digiri, yana sauraron labaran duniya a rediyo safe da yamma, amma bai yi boko ba. Ko mace ce da aka aurar kafin ta gama firamare, yanzu ta aurar da nata 'ya'yan. Irin waɗannan ba 'yan kaɗan ba ne a cikinmu. Takardar Turanci da ke ƙarƙashin gilashi ba da su take magana ba.

Su ma 'yan bokon ba su tsira ba. Tun wajen 2009 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, aka shafe shekaru kafin a dawo da shi. Yaran da suka yi karatu a wannan tsakani yau su ne iyaye. Ba za su koma aji ba.

Mun kuma san karatun manya a ƙasar nan. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya shiga ƙauyuka da ƙananan littattafan Hausa da ake bugawa a Zariya. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, har ta samu lambar yabo daga UNESCO. Amma duk wanda ya taɓa koyar da ajin manya ya san matsalarsa: babban mutum ba ya jure a zaunar da shi a benci a mai da shi yaro. Yakan zo mako biyu, ya ga ana ta maimaita baƙi da wasali, ya tuna shagonsa, ya daina zuwa. Babba yana koyo ne idan an fara daga abin da ya riga ya sani, aka kuma ba shi damar ya yi gardama. Kwaikwayon tarihi yana ba shi duka biyun.

"Ai dattijo ba ya tsayawa kallon wasa"

Wannan ce magana ta farko da ake tare ni da ita, kuma ban yarda da ita ba.

Duk shekara, kafin tafiya aikin Hajji, ana tara maniyyata a yi musu bita a aikace. Ana kafa samfurin Ka'aba a fili, dattawa masu furfura su ɗaura harami su zagaya, a nuna musu inda ake fara ɗawafi, da yadda ake safa da marwa, da yadda ake jifa. Malamai ne ke jagoranta. Ba wanda ya ce an rena su, domin kowa ya san abin da ƙafa ta taka ya fi zama a kai fiye da abin da kunne ya ji kawai.

Ranar Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa kuma su wa ke cika titunan Kano? Manya ne, suna nuna wa juna 'yan sulke da 'yan lifidi da 'yan bindiga, suna musu a kan tawagar wane hakimi ce ta wuce. A 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. A karkara kuwa an daɗe ana kalankuwa bayan kaka, samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da ɗan dokansu, manyan gari su zo kallo. Malam Aminu Kano da kansa ya yi amfani da wasan kwaikwayo tun yana malamin makaranta don ya farkar da mutane. Daga ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun riƙa shiga ƙauyukan ƙasar Zazzau suna shirya wasanni tare da manoma a kan matsalolin manoman.

To ina maganar cewa ba halinmu ba ne? Abin da dattijo ke ƙi shi ne shashanci, kuma yana da gaskiya.

Wani zai ce, to tunda muna da hawan salla, me ya rage? Hawan salla yana nuna sarauta a ranar adonta. Ba ya nuna wanda ya saƙa rigar, ko wanda ya noma dawar da dokin ya ci, ko nawa aka karɓa a hannunsa. Kuma ba ka isa ka tsayar da mahayi ka yi masa tambaya ba.

Abin da nake hangowa

A ɗauki Gidan Makama da ke Kano, ginin da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarauta a 1463. A ware wani soro ko wani fili a ciki a mai da shi zangon fatake na wajen 1850. Ga madugu ya dawo daga Gwanja da huhunan goro, ga jagaba, ga fatoma mai masauki, ga dillali. Kuɗin ciniki wuri ne. A zube wuri a tabarma, a ce wa masu kallo su matso su taya ƙirga, biyar-biyar, hauya ashirin, zangu ɗari, zambar dubu, har a cika keso mai dubu 20.

Mutumin da ya durƙusa ya ƙirga wuri dubu da hannunsa zai gane abubuwa da yawa ba tare da an yi masa lacca ba. Zai gane dalilin da ya sa babban ciniki ke tafiya a kan bashi da amana, da dalilin da ya sa fatoma ke da ƙarfi a kasuwa, tunda shi ke tsaya wa baƙo. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin riyal ɗaya a kan wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Daga baya wuri ya yi ta kwararowa daga bakin teku har darajarsa ta zube, ta kai kuɗin ɗaukarsa zuwa nesa na neman cinye shi. Ɗan kasuwar Kwari ko na Singa da ya ga yadda naira ta yi a hannunsa ba ya bukatar a fassara masa wannan. Shi ne ma zai ɗaga hannu ya tambayi madugu, "To ku da kuɗinku ya lalace, me kuka koma riƙewa?" Daga wannan tambaya karatu ya fara.

Ko a shirya zaman alƙali. Mace ta kawo ƙarar 'yan'uwan mijinta a kan gadon gona, ga muhuti yana rubutu, ga shaidu. A tsaya kafin hukunci a tambayi masu kallo yadda suke ganin za a raba. Matan da ke zaune a wurin, da yawansu suna da irin wannan magana a gidajensu yau, kuma wasu ba su san tumunin takaba haƙƙinsu ne da ba mai ikon hana su ba. Ba sai an ƙago shari'ar ba. Akwai tsofaffin rajistocin kotuna da takardun mulki a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa.

Haka zancen haraji. A nuna malamin taki yana auna gona da ƙafa, mai unguwa na biye da shi, manomi na roƙo. A nuna Bafulatani ranar ƙirgar jangali. Akwai tsofaffi da ransu da suka biya haraji da jangali kafin a soke su a jihohin Kano da Kaduna a 1979. Idan suna cikin masu kallo, su za su gyara wa 'yan wasan kuskurensu, kuma haka ake so.

Maganar addini

Wannan ba abin da za a yi wa gaggawa ba ne. Malamai sun saɓa a kan wasan kwaikwayo. Akwai masu ganin ƙarya ce tunda mutum na cewa shi wane ne alhali ba shi ba ne, akwai masu ganin buga misali ne tunda mai yi da mai kallo duk sun san abin da ake ciki. Ni ina tare da na biyun, amma ina girmama tsoron na farkon, domin sun ga abubuwan da aka yi da sunan wasa waɗanda ba su dace ba.

Saboda haka a shata iyaka tun farko, a rubuce. Ba a kwaikwayon Annabawa, ba a kwaikwayon Sahabbai. Ni a ganina ko Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u kada wani ya shiga rigarsu. Ba a ma bukatar hakan. Idan ana son nuna aikin Nana Asma'u, a nuna wata jaji, wato ɗaya daga cikin matan da take koyarwa ta tura su ƙauyuka, da malfarta ta dawo ƙauye tana biya wa 'yan taru abin da ta koyo. Ta haka mai kallo zai ga yadda ilimin ya isa ga matan karkara, wanda shi ne abin da ya kamata ya gani.

A ware ranar mata, mata su yi wa mata. Matan aure da yawa ba za su je wurin da ke cakuɗe ba, mazansu ma ba za su bari ba, kuma su ne suka fi kowa rashin inda za su je su koyi irin wannan. A tsaya in lokacin salla ya yi. A sa malami cikin masu duba abin da za a nuna. Alƙur'ani ya yi ta umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Gidan tarihin da ke sa mutum tunani yana cikin wannan hanya.

Idan aka cusa ƙarya fa?

Wannan tsoron gaskiya ne, kuma ya fi na baya ƙarfi. Abin da ido ya gani yana da wuyar gogewa. Idan ɗan wasa ya sa agogo a hannu yana madugun 1850, abin dariya ne kawai. Amma idan aka nuna wata ƙabila a matsayin mugaye, ko aka wanke wani gidan sarauta saboda shi ya ba da kuɗin shirin, an shuka dafi a zukatan mutanen da ba su da littafin da za su je su duba.

Sai dai mu tuna, rashin yin ba ya hana ƙarya yawo. Tana nan a wayoyinmu, a bakin masu ba da tarihi a TikTok da Facebook waɗanda ba mai tambayarsu inda suka samo. Gidan tarihi aƙalla yana da adireshi, ana iya zuwa a ƙalubalance shi.

Maganin shi ne tsari. Kowane shiri ya bi ta hannun malaman tarihi na jami'o'inmu, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni, tare da masu sana'ar da abin ya shafa. Kuma bayan kowane wasa, 'yan wasan su tuɓe rawani su zauna da jama'a, wani masani ya ce: wannan yana rubuce a takarda kaza, wannan daga bakin tsofaffi aka ji, wannan kuwa mu muka cike gurbi don labarin ya haɗu. Wannan zaman na bayan wasa shi ne ajin. In babu shi, abin ya zama kallo kawai, kuma ni ba kallo nake nema ba.

Tsohon miki

A nan ne na fi daɗewa ina tunani. Tarihinmu ba rini da fatauci kaɗai ba ne. Akwai bauta. An sayar da mutane a kasuwanninmu, an zuba su a rinji suna noma, wasu suna biyan murgu don su yi aikin kansu, wasu suna tara kuɗin fansa. Sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya. A Nijar sai a 2003 aka mai da ita laifin da ake hukuntawa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wata mata da aka riƙe a matsayin baiwa. Har yau akwai gidajen da ake fasa aure idan bincike ya kai ga wannan asali. Akwai kuma basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wadda jikokin ɓangarorin biyu suna zaune a gari ɗaya.

Mutanen Williamsburg sun sha wannan gwagwarmaya. Shekaru da dama suna nuna gari mai tsabta na Turawa masu hular gashi, alhali kusan rabin mazauna garin a wancan zamani baƙaƙen fata ne, mafi yawansu bayi. Sai a 1979 suka fara sa baƙaƙen 'yan wasa su ba da labarin bayin. A watan Oktoba na 1994 suka kwaikwayi gwanjon bayi huɗu a bainar jama'a, ƙarƙashin jagorancin Christy Coleman, baƙar fata, wadda ita da kanta ta fito a matsayin baiwa mai ciki da za a raba da mijinta. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙe sun zo sun yi zanga-zanga, suna cewa an mai da azabar kakanninsu abin kallo. An yi wasan, mutane sun yi kuka, har ɗaya daga cikin jagororin masu adawar ya fito ya ce ya sauya ra'ayi. Wasu kuma ba su sauya ba.

Ni ba na goyon bayan a kwaikwayi cinikin mutum a kasuwar Kurmi. Zamanmu ya bambanta da nasu: a nan zuriyar mai saye da ta wanda aka saya sun san juna, suna sahu ɗaya a masallaci, kuma gori bai mutu ba. Amma ba na goyon bayan a yi shiru. Ana iya nuna mutumin da ya zo gaban alƙali da kuɗin fansarsa yana neman takardar 'yanci, yana tsaye da ƙafafunsa, yana magana da bakinsa. Ba a ambaci sunan gidan kowa ba. Mai kallo zai fita ya san abin ya faru, ya kuma ga wanda abin ya faru a kansa a matsayin mutum mai hankali da dabara. Basasa kuwa, a bar ta a bakin malamai tukuna.

Shekarar 1903 ita ce nake ganin ta fi kowace dacewa da manya. A farkon Fabrairu sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi. A watan Maris Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas, jama'a suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Wazirin Sakkwato Buhari kuwa ya zauna ya yi sulhu don jama'ar da ta rage.

Kada a nuna yaƙin. A nuna wani gida a cikin birni a daren da labari ya iso. Maigida na cewa a ɗaura kaya a bi Sarkin Musulmi, zama ƙarƙashin Nasara bai halatta ba. Ƙaninsa na cewa ina za a kai tsohuwa da jarirai, wa zai riƙe masallaci da makaranta in kowa ya tafi? Uwargida na da nata ra'ayin, bawan gidan ma na da nasa lissafin, domin shi wannan rana wata ƙofa ce ta buɗe masa. Sai a juyo ga masu kallo a ce, ku fa?

Na tabbata za a yi muhawara mai zafi, domin tambayar ba ta tsufa ba. Mutanen Zamfara da Katsina da Borno da suka kwana suna shawarar ko su bar garinsu ko su zauna sun san nauyinta. Kuma zuriyar waɗanda suka zaɓi tafiya suna nan a Sudan, a Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu. Yaro ɗan firamare zai haddace shekarar ya ci jarrabawa. Wanda ya taɓa ɗaukar nauyin iyali shi zai gane abin da mutanen nan suka shiga.

Kuɗin fa?

Za a ce gidajen tarihinmu da kyar suke gyara rufin da ke yoyo. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a gina wani Williamsburg. Tabarma, buhun wuri, huhun goro, riguna 'yan kaɗan da mutum biyar ko shida sun isa a fara. Ɗaliban tarihi da na wasan kwaikwayo suna neman inda za su yi aikin sanin makama. Hukumomin ilimin manya na jihohi suna da azuzuwa da malamai, sai su riƙa kawo ɗalibansu, darasin karatu da lissafi na wannan mako ya fito daga abin da aka gani. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a za su iya ɗaukar nauyin shirin da ya shafi sana'arsu, da sharaɗin ba su ne za su rubuta shi ba.

Wasu gyare-gyaren ma ba sa cin ko kwabo. Gidan tarihin da ke buɗewa da safe ya rufe da yamma lokacin tashin ma'aikata ya riga ya kori duk mai neman abinci. A buɗe bayan La'asar a ranakun hutu. A sanar a rediyo da Hausa. A rubuta bayanan da Hausar boko da ajami kusa da Turancin.

Inda nake so a kashe kuɗi da gaske shi ne kan tsofaffin masu sana'a. Marinan Ƙofar Mata da na Kura, majeman birni, masaƙa, magina masu aikin tubali da makuba, matan da suka iya kaɗi da mazari, tsofaffin da suka yi dako a dalar gyaɗa. A ɗauke su aiki a matsayin malamai, da albashi da suna a takarda, su horar da matasan da za su tsaya gaban jama'a, su zauna a gefe suna gyara musu riƙon muciya da jifan ƙoshiya. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da hukumomin al'adu na jihohi su ne ke da gine-ginen, don haka su ya kamata su kira taron farko, su gayyaci hukumar ilimin manya da sarakunan sana'a, a zaɓi shiri ɗaya a gwada shi wata shida a ga su wa za su zo.